Me ya sa ɗalibai ke raguwa a wani yanki, suna cunkushewa a wani?

Tambaya: Ina cikin kwamitin da ke tsara makarantun gwamnati na gundumarmu. Shekara uku ke nan a jere yawan ɗalibanmu yana raguwa, alhali a wani yankin na ƙasar kukan da ake yi shi ne aji ya cika ya tumbatsa. Me ke kawo wannan bambanci, kuma ta yaya za mu gane ko raguwar ta ɗan lokaci ce ko ta zo zama?

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara ajiye jimillar ɗaliban nan a gefe tukuna, domin iyakar abin da take gaya maka shi ne akwai sauyi, ba ta faɗin daga ina ya taso. Ɗalibi ba ya ɓacewa haka kawai. In adadi ya sauka, to ko dai ba a haifi yaran ba tun farko, ko iyayensu sun kwashe su sun bar yankin, ko suna nan amma sun koma wata irin makaranta, ko kuma sun bar karatu gaba ɗaya. Akwai kuma dalilin da ba a cika son faɗa a taro ba: wataƙila wasunsu dama can a takarda kawai suke. Kowane dalili yana barin sawunsa daban, kuma ba a ganin sawun sai an baje alƙaluman aji-aji, na aƙalla shekara biyar.

Na haihuwa ya fi sauƙin ganewa. Yana farawa daga aji ɗaya, sauran azuzuwan suna nan cike. Baɗi sai ramin ya koma aji biyu, baɗin waccan aji uku, haka yake tafiya aji ɗaya kowace shekara har ya kai ƙarshen sakandare. A Amurka an haifi yara kimanin miliyan 4.3 a 2007, zuwa 2023 adadin ya sauko wajen miliyan 3.6. Makarantun firamare ne suka fara ji a jikinsu, manyan sakandare kuwa sai yanzu abin yake isa gare su, tunda 'yan 2007 ɗin nan ba su kammala ba sai wajen 2025. A ƙasar Sin saukar ta fi haka kaifi: daga kusan miliyan 18 a 2016 zuwa miliyan 9 a 2023, wato rabi cikin shekara bakwai, kuma makarantun rabin aji ne suka fara rufewa. Koriya ta Kudu, inda matsakaicin haihuwar mace ɗaya ya sauka zuwa 0.72 a 2023, ta shiga zangon 2024 da makarantun firamare sama da 150 waɗanda ko yaro ɗaya bai shiga aji ɗaya ba, akasarinsu a karkara. Japan ta rufe makarantun gwamnati fiye da 8,000 tsakanin 2002 da 2020. In wannan ne ciwonku, ba ya warkewa da kansa a baɗi. Amma yana da kyau guda: yana sallama kafin ya shigo. Yaron da zai shiga aji ɗaya nan da shekara biyar an riga an haife shi, sunansa na nan a rajistar haihuwa ko ta rigakafi.

Ƙaura kuwa ba ta zaɓen aji. Iyali in za su tashi, da na aji biyu da na aji biyar da na sakandare suke tafiya, don haka za ka ga kowane aji ya ɗan zube a shekara ɗaya. Ita ce ta fi bayyana abin da ka tambaya, na yadda yanki ɗaya ke rama wani yana ƙiba a ƙasa ɗaya. Birnin Ditroit na Amurka yana da mutane kusan miliyan 1.85 a 1950, a ƙidayar 2020 bai wuce 640,000 ba. Makarantun gwamnatinsa da suka taɓa ɗaukar yara kusan 300,000 a shekarun 1960 sun dawo wajen 50,000. A Amurkar dai, jihar Kalifoniya ta faɗo ƙasa da ɗalibai miliyan 6 a zangon 2021 zuwa 2022, yayin da Teksas, wadda ta daɗe tana karɓar masu ƙaura, take riƙe da kimanin miliyan 5.5. Abin da ke tura iyalai masu ƙananan yara yawanci aiki ne da kuɗin haya. Shi ya sa ko a cikin birni guda za ka tarar da makarantun tsakiyar gari ana kulle azuzuwa, na bayan gari inda ake ta sababbin gine-gine kuwa yara sun yi wa benci yawa.

Wata ƙaurar kuma ba ta ba da sanarwa. Bayan guguwar Mariya ta 2017 iyalai da dama sun bar tsibirin Puwato Riko, wanda ke ƙarƙashin Amurka, zuwa jihar Fulorida, kuma a 2018 tsibirin ya rufe makarantu sama da 200. Jamus ta karɓi yaran Yukiren kimanin 200,000 a makarantunta cikin 2022. Irin wannan babu lissafin da zai hango shi. Abin da kawai za a iya yi shi ne a bar ɗan sarari a kowace makaranta.

Na uku shi ne sauya makaranta, kuma nan ne ake yawan ɗora laifi ba tare da an bincika ba. Sawunsa yana fitowa a mashiga: ranar shiga aji ɗaya, da ranar tsallakawa daga firamare zuwa ƙaramar sakandare. Iyaye ba su cika cire yaro a tsakiyar aji huɗu ba, sai dai su jira ya gama matakin sannan su kai shi makarantar kuɗi. Hanyar tabbatarwa ita ce ka gwada yawan yaran da ke zaune a yankin da yawan waɗanda ke makarantunku. In yaran unguwa ba su ragu ba amma naku sun ragu, an kwashe muku su ne. Lokacin korona ya nuna wannan a fili: ɗaliban makarantun gwamnati a Amurka sun sauka daga kimanin miliyan 50.8 a 2019 zuwa 49.4 a 2020, kuma zubewar ta fi yawa a ajin share fage, wanda ya ragu da wajen kashi 9 cikin ɗari, saboda iyaye sun riƙe ƙananan yara a gida ko sun kai su wani wurin. Sai dai a yi hattara da saurin yanke hukunci. Da jihar Arizona ta buɗe wa kowane iyali tallafin kuɗin makaranta mai zaman kanta a 2022, akasarin waɗanda suka fara karɓa dama can ba a makarantar gwamnati suke ba. Yawan masu karɓar tallafi daban, yawan waɗanda suka fice daban.

Wani abin lura a nan shi ne ma'anar “makarantar gwamnati” ita kanta. A Amurka akwai makarantun da gwamnati ke biya amma wasu masu zaman kansu ke gudanarwa. Alƙaluman ƙasa suna lissafa su cikin na gwamnati, amma gundumar da yaron ya baro tana rubuta shi a matsayin wanda ta rasa. Gundumar Los Anjalas, wadda ta haura ɗalibai 700,000 a farkon shekarun 2000 kuma yanzu ba ta kai 450,000 ba, abubuwa uku ne suka taru mata a ka: raguwar haihuwa, tsadar gidaje, da irin waɗannan makarantu. Ba kasafai dalili ɗaya ke zuwa shi kaɗai ba.

Yankin da ka ce ajinsa ya tumbatsa, ba dole ne baƙi suka cika shi ba. Wani lokaci yaran suna nan tun da, ƙofa ce aka buɗe musu. Da Malawi ta soke kuɗin firamare a 1994, ɗalibai sun tashi daga kimanin miliyan 1.9 zuwa wajen miliyan 3. Yuganda ta yi haka a 1997, adadin ya tashi daga miliyan 3.1 zuwa 5.3 cikin shekara guda. Kenya ta biyo baya a Janairun 2003, yara sama da miliyan ɗaya suka ƙaru. Irin wannan tashin ya fi ƙarfi a yankunan da talauci ne ke tsare yara a gida; inda kowa dama yana zuwa, ba a ganin wani bambanci. Sawunsa kuma ba ya ɓuya: aji ɗaya ya kumbura da 'yan shekara shida da tara da sha biyu a benci guda. A Kenya har wani dattijo mai suna Kimani Maruge ya shiga aji ɗaya a 2004 yana da shekara 84. Kumburin na wucin gadi ne, domin tarin yaran shekaru da dama ne suka shigo lokaci guda. Wanda ya ɗauka haka za a riƙa shigowa kowace shekara zai gina azuzuwan da ba mai zama a ciki, wanda kuma ya ƙi ƙara malamai zai ga rabin yaran sun zube kafin aji huɗu.

Wannan ya kawo mu kan ma'auni biyu da ake yawan cakuɗawa. Ɗauki misali: yanki yana da yara 1,000 masu shekarun firamare, makarantunsa kuma suna da ɗalibai 1,100. In ka raba duk ɗaliban da yaran yankin za ka samu kashi 110 cikin ɗari, abin da a ido kamar an wuce gona da iri. Amma in 300 daga cikin ɗaliban sun wuce shekarun firamare, masu shekarun da suka dace 800 ne kawai, wato kashi 80, kuma yara 200 suna gida. Yanzu a ce an rage maimaita aji, manyan yaran nan suka wuce gaba. Jimilla za ta faɗo, ma'aunin farko zai sauka, jama'a su ce ilimi ya lalace, alhali gyara aka samu. Don haka duk takardar ƙidayar da ba ta da shafin shekarun yaro da na masu maimaitawa, rabin labari take ba ka.

To, ga yadda ake lissafin hasashe, kuma ba ya buƙatar komai sai jadawali a kwamfuta ko ma takarda mai layi. Ka jera shekaru a tsaye, azuzuwa a kwance. Sai ka bi rukunin yara ɗaya a karkace: 'yan aji uku na bara su ne 'yan aji huɗu na bana. In bara aji uku yana da 1,200, bana aji huɗu yana da 1,140, ka raba 1,140 da 1,200, ka samu 0.95. Ma'anarsa cikin kowane yara ɗari, biyar sun zube a wannan matakin. Ka yi haka ga kowane tsallake daga aji zuwa na gabansa, na shekara uku zuwa biyar, ka fitar da matsakaici. Sannan ka ɗauki 'yan aji uku na bana ka ninka da 0.95, ka samu 'yan aji huɗu na baɗi. Haka za ka yi ta turawa gaba aji bayan aji.

Aji ɗaya ne kawai ba shi da ajin da ke bayansa, shi kuma daga haihuwa ake ciro shi. In shekara shida da suka wuce an haifi yara 2,000 a gundumar, bana 1,500 suka shiga aji ɗaya a makarantunku, rabonku 0.75 ne. Ka ninka wannan da haihuwar kowace shekara da ta biyo baya. A tabbatar haihuwar an lissafa ta ne bisa inda uwa take zaune, domin in bisa inda asibitin yake ne, gundumar da ke da babban asibiti za ta fito da jariran da ba nata ba.

Waɗannan lambobin su ne za su amsa maka tambayarka. In duk tsallaken suna kusa da 1.0 amma aji ɗaya yana ƙanƙancewa, kuma rabonku na haihuwa bai motsa ba, haihuwa ce, ta zo zama. In rabon ne ya sauko daga 0.75 zuwa 0.65, yaran suna nan, wani wuri ake kai su. In duk tsallaken sun sauka tare zuwa 0.96 ko 0.97, ƙaura ce. In kuwa tsallake ɗaya ne ya rufta, a ce daga aji shida zuwa sakandare ya faɗo 0.70, to a je a duba nisan makarantar, kuɗin da ake nema, da ko kujerun ne ba su isa ba. A nan dole a raba lissafin maza da na mata, saboda sau da yawa ɓangare ɗaya ne ke zubewa, jimilla ta rufa masa asiri. Lambar da ta haura 1.0 kuma tana nufin ko dai baƙi suna shigowa, ko masu maimaitawa sun taru a ajin.

Inda lissafin ke ɓaci yana da yawa, kuma yawanci ba a ninkawa ko rabawa kuskuren yake ba, a ƙidayar yake. Babba shi ne ranar da aka ƙirga. Makaranta ɗaya za ta ba ka adadi uku daban-daban a makon farko na zango, a tsakiyarsa, da ƙarshen shekara. Saboda haka ne jihar Mishigan ta Amurka ta tsayar da rana: Larabar farko ta Oktoba, wadda ke ɗauke da kashi 90 na lissafin kuɗin makaranta, da Laraba ta biyu ta Fabrairu mai kashi 10. Ingila tana ƙidayar makarantu sau uku a shekara, a Oktoba da Janairu da Mayu. Ko wace rana kuka zaɓa, ta zama ita ce kowace shekara. Sai bambancin mai suna a rajista da mai zuwa aji. Kalifoniya da Teksas suna biyan makarantu ne bisa matsakaicin masu halarta a kullum, don haka yaron da ke rajista amma yana fashi ba ya kawo cikakken kuɗi. In ka gwada alƙaluman halarta na wani yanki da na rajistar wani, ka gwada abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba.

Duk inda kuɗi, abinci ko yawan malamai ya dogara da yawan kai, akwai jarabar ƙara suna. Ba ma sai da mugun nufi ba: yaro ya koma wata makaranta, ta can ta rubuta shi, ta nan ba ta goge shi ba, ya zama mutum biyu. Shekarar da aka fara ba kowane ɗalibi lambarsa ta kansa, ko aka tura masu ƙirga kai aji-aji, adadi yakan faɗo kwatsam. Wannan ba raguwa ba ce, shara aka yi. Alamarta ita ce faɗuwar sau ɗaya ce, daga nan lambobin su daidaita. Hanyar gwaji mai arha: ka zaɓi makarantu goma ba tare da sanar da su ba, ka ƙirga yaran da ke zaune, ka gwada da littafin kiran suna na makonni huɗu da suka wuce, sannan da adadin da aka aika ofis.

Sauran tarkunan ƙanana ne amma suna kayar da mutum. In an sauya iyakar gunduma ko an mayar da wani aji daga firamare zuwa sakandare, dole a gyara tsofaffin shekaru kafin a gwada. Shekarar annoba ko rikici ba a sa ta cikin matsakaici, in ba haka ba za ta ja hasashen ƙasa har shekara biyar. Ƙidayar jama'a da ta tsufa tana lalata duk wani kashi cikin ɗari da aka ɗora a kanta. Kuma hanyar ta fi inganci ga gunduma gaba ɗaya fiye da makaranta guda. A makarantar da aji ke da yara 25, iyali biyu in suka tashi lambar ta birkice. Hasashen shekara ɗaya zuwa uku abin dogara ne, na biyar da ɗan dama, abin da ya wuce shida kuwa kana lissafa yaran da ba a haifa ba ne.

Batun kuɗi shi ne inda raguwa ta fi cizo, domin ɗalibai ba sa tafiya aji guda cur. A ce makaranta mai aji 12 ta rasa yara 36, uku daga kowane aji. Kuɗin kai 36 ya tafi, daidai da aji ɗaya da ɗoriya, amma ba ajin da za a rufe, ba malamin da za a ɗauke, rufin da ke yoyo da albashin mai gadi suna nan yadda suke. Daga nan sai a fara yanke abubuwan da ke jawo iyaye, su kuma su ƙara janye yaransu. Rufe makaranta ma ba ya ceto kuɗi yadda ake zato, tunda mafi yawan kasafin albashi ne, malamai kuma suna bin yaran zuwa inda aka mayar da su. Birnin Shikago na Amurka ya rufe makarantu kusan 50 a 2013, akasari a unguwannin baƙaƙen fata na kudu da yammacin birnin, kuma gine-gine da dama sun yi shekaru a kulle ba a san yadda za a yi da su ba.

Kafin ku kai ga rufewa, in lissafin ya nuna haihuwa ce ko ƙaura, akwai matakan tsakiya: a matsar da iyakar da ke raba yara tsakanin makarantu biyu, a haɗa ƙananan makarantu ƙarƙashin hedimasta ɗaya, a mayar da azuzuwan da suka zama wayam na rabin aji, a daina cike gurbin malamin da ya yi ritaya maimakon sallamar na kan aiki. In rufewar ta zama dole, a auna tafiyar ɗan aji ɗaya da ƙafa zuwa sabuwar makarantar, ba tazarar da ke kan taswira ba, kuma a bi sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya a zango na gaba a ga nawa ne suka isa. Filin kuwa kada a yi gaggawar sayar da shi. Unguwar da ta tsufa tana sake cika da yara in tsofaffin masu gidaje suka bar wa matasa, kuma samun fili a tsakiyar gari a lokacin ya fi ginin kansa wuya. Ku riƙa sabunta jadawalin duk shekara da zarar ƙidaya ta fito, ku rubuta hasashen bara kusa da ainihin adadin bana. In tazarar ta wuce kashi biyu cikin ɗari a matakin gunduma, ku koma ku nemo tsallaken da ya sauya.